Tsakanin Gajiya da Hauka: Abin da Korona ta Bar wa Nas-nas ɗinmu

A gidan da nake haya a Nima, unguwar zango a Akra ta ƙasar Gana, lokacin korona, akwai wata nas a ɗakin da ke kallon famfo. Kafin annoba ɗakinta tamkar ƙaramin asibiti ne. Mai hawan jini ya zo a auna shi, mai jego ta kawo jariri a duba cibiya, wanda ya kasa karanta rubutun dokta ya kawo takarda a fassara masa. Anti Nas, haka yara da manya ke kiranta. Daga ƙarshen Maris na 2020 sai ƙofar ta yi shiru. In ta fito ɗibar ruwa, layin bokitai ya dare biyu. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce ta kwashe kayanta. Gaisuwa ce kawai ta koma daga nesa, iyaye kuma suka riƙa janye 'ya'yansu da ido. Wani dare na ji mahaifiyarta tana ce mata, da irin lafazinmu na zango, "Ki yi hanƙuri, aikin lada ne." Ita kuma ta amsa, "Mma, ba komai, gajiya ce kawai."

Shekaru sun wuce, amma amsar nan ba ta bar kunnena ba, don yanzu na san ba gajiya ce kawai ba. Matsalar ita ce ba ta da wata kalmar da za ta faɗa. A bakinmu, abin da ke damun kan mutum akwati biyu ne kacal: ko gajiya, wadda barci da koko mai zafi ke warkarwa, ko hauka, wadda ake kai mai ita asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang. Duk abin da ke tsakani ba shi da suna, abin da ba shi da suna kuwa ba a nemar masa magani. A wannan tsakanin ne ma'aikatan jinya da yawa suka faɗa, wasu har yau ba su fito ba.

Mu tuna yadda abin ya zo. Ranar 12 ga Maris, 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko masu cutar a Gana. Cikin 'yan kwanaki aka rufe makarantu, masallatai da coci-coci, aka taƙaita jana'iza zuwa mutum 25. Ranar 30 ga wata aka kulle Akra da Kumasi da kewayensu har mako uku. Kowa ya shige ɗaki, sai nas da 'yan'uwanta ma'aikatan lafiya su ne ke fita da asuba a kan titunan da babu kowa sai soja da 'yan sanda. Kafin a ɗage kullen ma, cutar ta ɗauke Farfesa Jacob Plange-Rhule, shugaban kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, a watan Afrilu. Ka ɗauki kanka a matsayin yarinyar da ta gama makarantar jinya shekara biyu da suka wuce, ki ji an ce babban malamin likitoci ya tafi. Me ya rage miki? Zuwa Yuli, Hukumar Lafiya ta Gana ta ce ma'aikatan lafiya fiye da 2,000 sun kamu.

Tsoron kamuwa shi ne wanda kowa ya gani, kuma shi ne mafi sauƙin bayani. Na fi son in tsaya kan abin da ya faru da jiki, don daga nan ake fahimtar sauran. Maris da Afrilu su ne watannin zafi a Akra. A cikin wannan zafin za a sa rigar kariya mai kama da leda, da takunkumi, da tabarau, da safar hannu biyu, a shiga ɗakin majinyata na sa'o'i. Kayan ba su da yawa, saboda haka in kin cire don shan ruwa ko zagawa, kin ɓarnatar da saiti guda. Sai mutum ya koyi ƙin shan ruwa kafin ya shiga. Azumin 2020 kuma ya kama a ƙarshen Afrilu, nas Musulma ta haɗa ƙishirwa biyu. Malamai sun san akwai rangwame ga wanda azumi zai cutar, amma wace budurwa ce a zango za ta yarda a gan ta tana shan ruwa da rana tsaka a watan Ramadan?

Jikin ɗan'adam yana da ƙararrawa. In ya hango haɗari, sai ya sako sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, ido ya buɗe, barci ya gudu, don mutum ya tsere ko ya kare kansa. An halicci ƙararrawar ne don ta yi ƙara ta yi shiru. Abin da annoba ta yi shi ne ta danne ta wata da watanni ba sakewa. Wanda jikinsa ya daɗe a haka sai barcinsa ya lalace ko da ya samu hutu, abinci ya fita ransa ko ya riƙa ci ba ƙoshi, mantuwa ta yi yawa, ƙaramin abu ya tunzura shi. Wani ya riƙa jin ƙarar na'urar asibiti a kunne yana kwance a ɗakinsa. Wani kuma, wanda ya fi ban tsoro, sai ya daina jin komai: majinyaci ya mutu, ya rufe shi da zane, ya koma ya ci gaba da cin wake da shinkafarsa, can cikin dare ya riƙa tambayar kansa ko zuciyarsa ce ta mutu. Ba mutuwa ta yi ba, rufe ƙofa ta yi don kada ta fashe. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan ƙonewa da aiki ke jawowa da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya nisanta da aikinsa a zuci har ya fara ƙyamarsa, sannan ya ji ba ya tsinana komai. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar farko ta annobar, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Wannan lissafin na kowa da kowa ne, har da wanda ya yi kullensa a gaban talabijin.

Amma akwai wani nauyi da ban ga an cika maganarsa ba, kuma a ganina shi ne ya fi cin nas 'yar zango.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu ya san rabin aikin dangi ne ke yi. Su ke kawo abinci, su ke goge majinyaci, su ke gudu kemis sayo magani, su ke kwana a benci. Mu kuma Hausawa ba ma barin marar lafiya shi kaɗai. Dubiya ibada ce, kuma babban abin da ɗa ke fata shi ne ya kasance a kan mahaifinsa lokacin fitar rai, ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ɗakin masu korona ya kori duk wannan. Ba ɗa, ba mata, ba ƙanwa. Sai nas ta zama ita ce dangi gaba ɗaya, ita ce mai ba da abinci a baki, ita ce mai riƙe waya a kunnen tsoho don ya ji muryar jikokinsa. In kuwa tsohon daga Nima ne, ko Mamobi, ko Sabon Zango, ko Madina, kuma ba ya jin Turanci ko Tuwi sosai, to ita mai jin Hausa ake nema ko ba ɗakinta ba ne. Ita za ta ce masa, "Baba, ka ja numfashi a hankali." Ita za ta karanta masa shahada ta cikin takunkumi. Sannan ita ɗin dai za a tura ta fita ta gaya wa 'ya'yansa cewa ba za a ba su gawa su yi mata wanka yadda suka saba ba, jami'ai ne masu fararen kaya za su kula da binnewa.

Nan fa ake yin ta. Wanda ke tsaye a gabanta ba baƙo ba ne. Wataƙila makarantar allo ɗaya suka yi da 'yarsa, wataƙila shi ya yanka ragon sunanta. Sai ya dube ta ya ce, "Haba 'yata, ke ma da ke za a yi mana haka?" Ga shi a lokacin jita-jita ta cika gari cewa asibiti na laƙaba wa kowa korona ne don a ci kuɗi. Dokar ba ita ta kafa ba, kuma a matsayinta na ma'aikaciyar lafiya ta san dalilinta. Amma a matsayinta na Musulma 'yar unguwa, zuciyarta na gaya mata ta hana mamaci haƙƙinsa. Masana halayyar ɗan'adam suna da suna ga irin wannan, wanda suka fara lura da shi a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam: raunin da ke samun mutum idan aka sa shi ya aikata, ko ya tsaya yana kallon, abin da lamirinsa bai yarda da shi ba. Ya bambanta da tsoro. Mai tsoro yana cewa "za a cutar da ni", mai wannan rauni kuwa cewa yake "na zama mutumin banza". Shi ya sa hutu ba ya warkar da shi, ƙarin albashi ma haka. Irinsa ne ke samun wadda ta tsaya tsakanin majinyata biyu da tukunyar oksijin ɗaya, musamman a farkon 2021 da cutar ta dawo da ƙarfi gadaje suka cika.

Ta tashi daga wannan ta dawo gida, gidan haya mai ɗaki goma sha, famfo ɗaya, bayan gida na kowa. An ce ma'aikacin lafiya ya ware kansa daga iyali. A ina? Ɗaki ɗaya da falo take kwana da uwa mai ciwon suga. Ta cire kaya a bakin ƙofa, ta wanke hannu a bokitin Veronica, bokitin nan mai famfo a jiki, ta yi wanka, duk da haka in tsohuwa ta yi tari sau ɗaya cikin dare, barci ya ƙare. A asibiti ita ce mai hana dangi ganin nasu, a gida ita ce ake zargi da kawo cuta. Ba inda take ajiye kayan.

Kada a ce gwamnati ba ta yi komai ba, ta yi. An yafe wa ma'aikatan lafiya harajin albashi na wata uku, daga baya aka tsawaita. An yi alkawarin ƙarin rabin albashi ga waɗanda ke bakin daga, da inshora har sidi 350,000 ga kowanne, aka kuma saka bas-bas ɗin haya na Aayalolo suna kai su aiki kyauta lokacin kulle. 'Yan kasuwa suka haɗa kuɗi aka gina cibiyar cututtuka masu yaɗuwa mai gado 100 a harabar asibitin Ga East. Duk waɗannan abin a yaba ne. Sai dai a duba su da kyau: kuɗi, mota, gini, inshorar da ake biya in jiki ya kamu ko rai ya fita. Dukkansu lissafin jiki ne. Sannan alawus ɗin kansa ya haifar da wata rigimar, wato wane ne ɗan bakin daga? Wadda ke cibiyar masu korona da cikakkun kayan kariya, ko wadda ke karɓar marasa lafiya a ƙofar ƙaramin asibiti da takunkumi ɗaya, ba ta san wa ke ɗauke da cutar ba sai sakamako ya dawo daga cibiyar gwaji ta Noguchi bayan kwanaki? Da yawa daga rukuni na biyu sun ji an ce musu, a fakaice, haɗarinku bai kai a lissafa ba. Wannan ma ciwo ne. Ba mamaki a watan Satumba na 2020, annoba na tsaka, ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa ta tafi yajin aiki kan sharuɗɗan aiki. Mutanen da a watan Afrilu suke kiran su jarumai, a Satumba su ne ke cewa ba su da imani. Abin dariya, ko na kuka, shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe a matsayin shekarar nas da ungozoma.

To me ya hana su neman taimako, alhali a cikin asibiti suke wuni? Wanzami dai ba ya son jarfa. Nas ta fi kowa sanin yadda magana ke yawo a asibiti. In ta shiga ɗakin mai ba da shawara yau, gobe incaji, wato shugabar sashenta, ta ji, jibi ana kallonta in ta ɗauko allura. A unguwa kuwa abin ya fi muni. A ce 'yar gidan wane tana ganin likitan ƙwaƙwalwa, to maganar aurenta ta shiga ruwa, har ta ƙannenta.

Tsarin ƙasa ma bai taimaka ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne: na Akra da aka buɗe tun 1906, wanda unguwar Asylum Down ta samo sunanta daga gare shi, da Ankaful, da Pantang. Duka a kudu suke, duka kuma a idon jama'a gidan mahaukata ne. An yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai kyau a 2012, aka kafa hukuma, amma asusun da zai ɗauki nauyin aikin ya daɗe yana jiran kuɗi. Lokacin annobar inshorar lafiya ta ƙasa ba ta ɗaukar ciwon damuwa. Sai a ƙarshen 2024 aka shigar da shi tare da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa uku. Har zuwa 2023, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a Gana bai mutu ba, mai laifi ne a gaban doka. Wato a duk tsawon korona, nas da tunanin mutuwa ya fara zo mata ta san cewa abin da ke ranta, in ta kai ga aikatawa, maganar 'yan sanda ce. Wa za ta faɗa wa?

Saura addini, kuma a nan ina so in yi adalci. Da yawa abin da ya riƙe su ke nan: sallar dare, da yaƙinin cewa ajali ba ya zuwa kafin lokacinsa, da fatan lada. Ba na cikin masu ganin tawakkali cikas ne ga lafiyar ƙwaƙwalwa. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda muka mai da haƙuri murfin tukunya. Mutum ya buɗe baki zai faɗi abin da ke cinsa, kafin ya kai ƙarshen jimla mun toshe shi da "sai haƙuri". Mun ɗauka mun yi masa ta'aziyya, alhali cewa muka yi ya yi shiru. Annabi Yaƙubu, wanda daga bakinsa muka koyi haƙuri mai kyau, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ya faɗa da bakinsa cewa yana kai kukansa ga Allah. Ba a ce imaninsa ya ragu ba. Mu kuwa yarinya ta ce ba ta iya barci, sai mu ce ta ƙara azkar, ko mu fara zargin iska ce, a nemo mai ruƙiyya. A yi addu'ar, ba wanda ya hana, amma a fara saurarenta tukuna.

Kuma a tuna, wuraren da muke sauke damuwa ba tare da mun kira su haka ba duk an rufe su a lokacin. Ba jam'i, ba tarawihi, sallar Idi ma a gida aka yi ta bisa kiran Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu. Ba awure, ba suna, ba zaman addu'ar mamaci inda mata ke haɗuwa a yi kuka a yi dariya a tashi da sauƙi. Da aka buɗe masallatai a watan Yuni, mutum ɗari ne iyaka, sa'a ɗaya. Asibitin zuciyar zango ke nan, shi ma annoba ta kulle shi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

An daɗe ana kukan cewa nas-nas ɗinmu suna da tsawa, kuma wasu hali ne, ba zan kare su ba. Amma mai ƙonewar aiki, alamarsa ta biyu ita ce bushewar ido ga majinyaci. Wadda ta daka maka tsawa a kan kati wataƙila ita ce wadda ta riƙe hannun mutum goma suna cikawa ba wanda ya taɓa tambayarta yaya ta kwana. Jiki magayi. Abin da aka hana shi fita ta baki zai fita ta wani wuri, kuma sau da yawa a kan marar laifi yake sauka.

Maganin ba wani abin al'ajabi ba ne, shi ya sa rashinsa ke ba ni haushi. Jadawalin da ba ya jera wa mutum aikin dare ba iyaka. Incajin da aka koya wa gane alamun, wadda za ta ja ƙaramar ma'aikaciya gefe ba tare da ta tona ta ba. Zama na rabin sa'a bayan mutuwa mai nauyi, abokan aiki su faɗi abin da suka gani. Mai ba da shawara wanda ba a asibitin yake aiki ba, don sirri ya tsira. A namu ɓangaren kuma, limamin da zai hau mumbari ranar Juma'a ya ce ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini. An yi wasu daga cikin waɗannan nan da can, amma ba su zama tsari ba, da cutar ta lafa kuma aka naɗe tabarmar.

Allurar rigakafi ta iso ranar 24 ga Fabrairu, 2021. Gana ce ƙasa ta farko da ta karɓi kason shirin COVAX na raba rigakafi ga ƙasashen duniya, guda 600,000, ma'aikatan lafiya na sahun gaba. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin gaggawa ya ƙare. A lissafin hukuma, waɗanda cutar ta kashe a Gana ba su kai 1,500 ba, sai muka ce Allah ya rufa asiri, muka koma harkokinmu. Su kuma suka fara haɗa takardu. A 2022 kaɗai, nas-nas 'yan Gana fiye da 1,200 suka shiga rajistar jinya ta Birtaniya. Kowa ya ce kuɗi ne, kuma gaskiya ne, faɗuwar sidi a shekarar ta isa ta kori kowa. Amma kuɗin nan ya daɗe da bambanci tsakanin nan da can. Abin da ya canja shi ne igiyar da ke riƙe mutum a gida, wato jin cewa mutanena sun san darajata, ta tsinke a bakin famfo. Waɗanda ke tafiya kuma su ne gogaggu, masu aikin ɗakin kulawa ta musamman, su bar sababbi da nauyin da ya fi na da. Inuwar giginya: mu muka raina, tsofaffin Ingila ke sha.

Anti Nas ɗinmu tana can yanzu. Na haɗu da mahaifiyarta a kasuwar Nima kwanan baya, ta nuna min hotonta a waya cikin rigar sanyi, ta ce tana aiko da kuɗi duk wata, har an gyara rufin ɗaki. Na ce yaya jikinta. Ta ce lafiya lau, sai dai har yanzu ba ta samun barci, takan kira ƙarfe uku na dare ta yi shiru a waya, in an tambaye ta sai ta ce sanyin garin ne.